Koyar Da Ilmin Gayyar Kwamfutoci

Garin Sheda yana cikin ƙasar Kwali, a bakin babbar hanyar da ta tashi daga Gwagwalada ta nufi Lokoja. Ba wani babban gari ba ne, amma duk mai aikin koyarwa a Nijeriya akwai abin da ya haɗa shi da wurin, ko ya sani ko bai sani ba. A nan hedkwatar hukumar NERDC take, wadda ke tsara manhajar makarantun firamare da na sakandare. A nan kuma Cibiyar Lissafi ta Ƙasa take, wadda aka kafa cikin 1988, inda malaman jami'o'i da manyan ɗalibai kan taru su ƙaro ilmin lissafi da na kwamfuta. Jami'ar Abuja ma ba nisa. Saboda haka in za a yi maganar yadda ake koyar da wani fanni, ya kyautu mu ɗauko misalanmu daga wannan yanki.

Cikin watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabuwar manhaja, ta ware ilmin kwamfuta ya zama fanni mai zaman kansa, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta cike da abin da ta ga ya dace. Watau nauyi ya daɗa hawa kan malamai ke nan, kuma waɗansu daga cikin masu karanta wannan mujalla nan gaba su ne za su ɗauki nauyin.

Akwai wani reshe na ilmin kwamfuta da ya fi sauran saurin lalacewa a hannun malami mai shifta. Malam ya karanto ma'anoni, ɗalibai su rubuce, su haddace, su ci jarrabawa. Bayan shekara biyu ɗayansu ya sami aiki, ya gina abin da zai cire wa talaka kuɗinsa sau biyu kan ciniki guda. Abin da nake so in nuna a nan shi ne, tushen wannan ilmi abu ɗaya ne, watau sanin abin da za a yi in an aika saƙo aka ji shiru. Ɗalibi kuwa ba ya gane wannan sai an sa shi ya ɗanɗana shirun da kansa, tun kafin ya taɓa inji.

Mene ne gayyar kwamfutoci?

Kowa ya san gayya. In gona ta fi ƙarfin mai ita, sai ya gayyaci jama'a, kowa ya zo da fartanyarsa, a raba kunyoyi, aikin kwana goma a gama shi wuni guda. To, haka kwamfutoci ke yi. In aiki ya fi ƙarfin guda, sai a haɗa da yawa, kowace tana wurinta, suna aika wa juna saƙo, har mai amfani da su ya ɗauka inji ɗaya ne. Wannan shi muke nufi da gayyar kwamfutoci.

Ga misali. Mutum ya sayi doya ta Naira 20,000 a kasuwar Kwali, ya ce zai tura kuɗin ta waya. Saƙon ya tashi daga wayarsa ya bi ta injunan kamfanin waya, ya isa kwamfutar bankinsa. Daga nan ya wuce kamfanin NIBSS, wanda aka kafa cikin 1993 don daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna, shi ne kuma ya fito da hanyar tura kuɗi nan take cikin 2011. Daga can saƙon ya shiga bankin mai doya, sa'an nan alat ya faɗo wayarta. Duk wannan cikin 'yan sakan kaɗan, alhali injunan nan ba a ɗaki ɗaya suke ba, ba ma gari ɗaya ba, kuma ba mutum ɗaya ke da su ba.

Dalilan da suka sa ake haɗa injuna haka su ne yawan aiki, da nisan masu amfani da su, da kuma gudun kada mutuwar guda ta tsai da kome.

Ina wuyar take?

Nan ya kamata malam ya tsaya ya tambayi ɗalibai abin da ya bambanta gayyar gona da ta kwamfutoci. Manoma suna ganin juna. Ganga ɗaya suke bi, rana ɗaya ke kansu. In wani ya yanke jiki ya faɗi, nan da nan na kusa da shi ya gani. Kwamfutoci ba su da ko ɗaya cikin waɗannan. Ba su ganin juna sai ta saƙo, saƙo kuwa yakan ɓata, yakan makara, wani lokaci ya zo sau biyu, ko na baya ya riga na gaba. Ba su da agogo guda. In ɗaya ta mutu, sauran ba abin da za su ji sai shiru.

Wannan wuya tare da abin aka haife ta. Ran 29 ga Oktoba 1969 aka fara gwada aika saƙo tsakanin kwamfutoci biyu na ARPANET, kakar intanet, daga Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalas zuwa wata cibiyar bincike ta Stanford, a Amurka. Kalma mai haruffa 5 aka so a aika. An tura L, an tura O, sai inji ya tsaya. Wani masani, Leslie Lamport, ya taɓa yin raha cikin 1987 cewa gayyar kwamfutoci ita ce inda lalacewar wani inji da ba ka ma san da zamansa ba za ta hana naka aiki.

Darussa huɗu da ke biye duk a fili ake yinsu, ko cikin babban ɗaki. Kayan aiki kuwa guntayen takarda ne, da alƙalami, da littattafan rubutu 5, da allo.

Darasi na 1: Shiru

Malam ya raba ajin ƙungiya 5, ya sa musu sunayen ƙananan hukumomin Abuja: Kwali, Gwagwalada, Kuje, Abaji da Bwari. Kowace ƙungiya kwamfuta ɗaya ce. Su zauna nesa da juna, su juya wa juna baya. Doka ita ce, ba magana tsakanin ƙungiyoyi, ba ɗaga hannu, ba waiwaye. Kome za a faɗa sai a rubuta a takarda a ba ɗan aike. 'Yan aike mutum biyu ko uku ne, malam ya riga ya gana da su a asirce: cikin kowace takarda 5 su sa ɗaya aljihu, su riƙe wata sai an jima, wata kuma su kwafa su kai sau biyu.

Aikin farko mai sauƙi ne. Kwali tana da Naira 50,000 a littafinta, za ta tura wa Kuje 20,000. Ta cire a littafi, ta rubuta takarda, ta zauna jiran amsa. Takarda ta isa, Kuje ta rubuta kuɗin a nata littafi, ta mai da amsa cewa ta samu. Sai ɗan aike ya sa amsar aljihu.

A bar Kwali cikin shiru kamar minti uku. Kada malam ya yi gaggawa, wannan jiran shi ne darasin. Sa'an nan ya tambaye su, "Me ya faru?" Ya rubuta amsoshinsu a allo, za a ga ba su wuce huɗu ba. Ko takardar ba ta isa ba. Ko ta isa, an yi aikin, amsa ce ta ɓata. Ko tana hanya har yanzu. Ko kuwa Kuje ta karɓa, ta mutu kafin ta rubuta. Ya sake tambaya, "Daga inda kuke zaune, yaya za ku rarrabe tsakanin huɗun nan?" Su yi ta gardama, ƙarshe su yarda ba dama. Hausawa na cewa shiru ma magana ce, amma tsakanin injuna ba a san abin da take faɗa ba.

To, me za a yi? Waɗansu za su ce a sake turawa. A bar su su tura, Kuje ta rubuta 40,000. Waɗansu za su ce a mai da kuɗin cikin littafin Kwali. A bar su, sa'an nan a buɗe littattafan biyu gaban kowa, a ga Kwali na da 50,000, Kuje na da 20,000, an ƙirƙiri kuɗin da babu su. Waɗansu za su ce a yi ta jira. A tambaye su, har yaushe? Mai doya tana so ta tashi.

Duk ɗalibin da ya ga farkon 2023 ya san wannan ba wasa ba ne. Sa'ad da Babban Banki ya sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta yi wuya, jama'a suka koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya. Sau nawa aka cire wa mai saye, mai sayarwa bai ga alat ba, aka tsaya ana rantse-rantse a bakin kasuwa, alhali ba maƙaryaci cikinsu?

Daga nan malam ya kawo tsohon misalin nan da Jim Gray ya yaɗa cikin 1978. Sarakunan yaƙi biyu ne, kowa na kan dutsensa, abokan gaba suna kwari a tsakani. In sun faɗa tare su ci, in ɗaya ya faɗa shi kaɗai a gama da shi. Na farko ya aika, "Gobe da asuba." Ba zai motsa ba sai ya ji amsa, don watakila an kama manzon. Na biyu ya amsa, amma shi ma ba zai motsa ba sai ya tabbata amsarsa ta isa. Sai an amsa amsar, kuma a amsa wannan, ba iyaka. Kowane saƙo aka ce shi ne na ƙarshe, wanda ya aiko shi bai san ko ya isa ba. Masana sun tabbatar babu dabarar da za ta kawo cikakken yaƙini in hanya na iya cin saƙo.

Tun da yaƙini bai samu ba, sai a koma dabara. Dabara ta farko, a yanka wa'adi: in an jira kaza ba amsa, a sake aikawa. Ta biyu, ita ce ke sa ta farko ta zama ba haɗari, kowane ciniki a ba shi lamba tasa shi kaɗai. Mai karɓa ya riƙa rubuta lambobin da ya riga ya yi. In takarda mai lamba 17 ta sake zuwa, kada ya ƙara kuɗi, ya dai sake mai da amsa. A maimaita wasan da wannan doka, ɗalibai su ga ko an tura sau biyar littafi bai ɓaci ba. Malam ya tuna musu da alamomin WhatsApp: guda ɗaya na nufin saƙo ya isa injin kamfani, biyu ya isa wayar mutum, in sun yi shuɗi an buɗe. Kowace alama amsa ce ta zango ɗaya.

Darasi na 2: Agogo

A fara da tambayar kowa ƙarfe nawa a agogonsa na hannu, har da sakan. Da wuya a sami biyu da suka yi daidai. Agogon cikin kwamfuta ma haka yake, yakan yi gudu ko nawa da sakan ɗaya ko biyu a kwana in ba a gyara shi. Ana gyarawa ta tambayar wani inji mai agogo na ƙwarai, amma kafin amsa ta iso lokaci ya riga ya wuce. A ba ɗalibai wannan lissafi: haske cikin zaren gilashi yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a sakan. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki cikin 2010, tsawonta daga Ikko, watau Legas, zuwa Fotugal kimanin kilomita 7,000 ne. Zuwa kaɗai kashi 35 cikin 1,000 na sakan ke nan, zuwa da dawowa 70. A wurin mutum wannan bai kai ƙiftawar ido ba, a wurin kwamfuta kuwa ya isa a yi aiki miliyoyi.

Ga inda ɓarnar take. An zuba wa mutum kuɗi ta wani inji mai gudun agogo, ya buga 10:00:03. Bayan sakan ɗaya mutumin ya zo cira ta wani inji mai nawar agogo, ya buga 10:00:02. In aka jera bisa ga lokacin da aka buga, sai a ce ya nemi cira tun ba a zuba ba, a hana shi kuɗinsa.

Cikin 1978 Lamport ya nuna cewa sau da yawa ba ƙarfe nawa muke bukatar sani ba, abin bukata shi ne wanne ya riga wanne. Dabararsa ɗan firamare ma zai iya ta. Kowace ƙungiya ta riƙe lamba, a fara daga 0. Duk abin da ta yi, ta ƙara 1. In za ta aika takarda, ta ƙara 1, ta rubuta lambar a kai. In ta karɓi takarda, ta duba tata lamba da ta takardar, ta ɗauki babbar, ta ƙara 1. Misali, Kwali tana 3, ta aika takarda mai lamba 4. Kuje tana 1, ta karɓa, ta koma 5. Kuje ta aika wa Abaji takarda mai lamba 6. Abaji dā ma tana 9, sai ta koma 10. Ta haka duk abin da ya jawo wani, lambarsa tana ƙasa da ta wanda ya jawo.

Amma malam ya lura da tarkon da ɗalibai kan faɗa. Ƙaramar lamba ba shaida ce cewa abu ya riga faruwa ba. In Bwari da Gwagwalada ba su taɓa aika wa juna kome ba, 2 ta Bwari da 8 ta Gwagwalada ba abin da ya haɗa su. A sa su nemo irin wannan cikin takardun wasan da kansu.

Darasi na 3: Shugaba da rinjaye

Yanzu kowace ƙungiya ta riƙe kwafin littafi guda, domin in ɗaya ta mutu kada lissafi ya ɓata. Sai sabuwar tambaya ta taso: yaya kwafi 5 za su zama iri ɗaya? In an bar kowa ya rubuta abin da ya fara zo masa, cikin minti goma za a sami littattafai 5 dabam-dabam. A bar su su gani da idonsu, gani ya kori ji.

Ɗalibai da kansu za su ce a naɗa shugaba. Akwai misali a gida, watau yadda labarin ganin wata ke tafiya. Rahotanni su taru daga garuruwa, a tantance, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato, jama'a su ji daga baki ɗaya. Ba hukuncin addini muke magana ba, hanyar isar da labari muke dubawa: a tara wuri ɗaya, a yanke, a watsa. A naɗa Gwagwalada shugaba. Duk mai son rubuta abu ya aika mata, ita ke ba shi lamba, ta aika wa sauran.

To, shugaba zai jira dukkan huɗun su amsa kafin ya ce magana ta zauna? In haka ne, mutuwar guda ta tsai da kowa, gayya ba ta yi amfani ba. Sai a ce ya jira rinjaye, watau 3 cikin 5 har da shi. Asirin rinjaye shi ne, duk yadda aka zaɓi mutum 3 cikin 5 sau biyu, tilas a sami aƙalla ɗaya da ke ciki duka biyun. A sa ɗalibai su gwada da duwatsu, ba za su iya kauce masa ba. Wannan ɗaya shi ne mashaidin da ke hana a yanke magana biyu masu saɓani. Da injuna 5 ana jure mutuwar 2, da 3 ana jure mutuwar 1. Da 4 ma 1 ɗin ce kurum, don rinjayen 4 shi ne 3. Shi ya sa aka fi son adadi mara.

Sa'an nan malam ya raɗa wa Gwagwalada ta yi shiru. Wa zai gaje ta? In duka huɗun suka tsaya takara lokaci guda, kowa ya zaɓi kansa, ba mai rinjaye. In kuwa aka naɗa sabo, tsohuwar ta farka ta ci gaba da ba da umurni fa? Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Hanyar da ake kira Raft ta warware waɗannan da dabara biyu. Ta farko, kowa ya jira wani ɗan lokaci da ya zaɓa da ka kafin ya tsaya takara, don wani ya riga wani. A aji sai kowace ƙungiya ta zari kati, ta ƙirga adadin da ke jiki tukuna. Ta biyu, kowane zaɓe yana buɗe sabon zamani mai lamba, sarki goma zamani goma. Kowace takarda tana ɗauke da lambar zamaninta. In takardar shugaban zamani na 4 ta iske mutane suna na 5, ba mai bin ta, shi ma da ya ji haka sai ya sauka.

Labarin Raft kansa darasi ne ga malamai. Kafinta akwai Paxos ta Lamport, wadda aka buga cikin 1998, sahihiya ce amma ta yi suna wajen wuyar ganewa. Diego Ongaro da John Ousterhout na Jami'ar Stanford suka tsara Raft musamman don a iya koyar da ita, suka buga cikin 2014. Sun koya wa ɗalibai 43 na jami'o'i biyu hanyoyin duka, suka jarraba su, 33 suka fi cin tambayoyin Raft. Saboda haka a fara da ita.

Abu biyu kuma malam ya ambata a taƙaice, ya bar zurfinsu ga manyan ɗalibai. Cikin 1985 Fischer da Lynch da Paterson suka tabbatar cewa in jinkirin saƙo ba shi da iyaka, babu hanyar da za ta lamunce a kai ga matsaya kullum, ko da inji ɗaya ne ke iya mutuwa. Shi ya sa ba a rabuwa da wa'adi. Cikin 1982 kuma Lamport da Shostak da Pease suka nuna cewa in inji na iya yin ƙarya, ya gaya wa wannan kaza ya gaya wa wancan kaza, to, jure maƙaryaci 1 sai da injuna 4, jure 2 sai da 7.

Darasi na 4: In hanya ta yanke

A ja layi a tsakiyar fili, a hana 'yan aike ƙetarawa. Abaji da Kwali suna kudu, sauran uku suna arewa. Littafi ya nuna mutum yana da Naira 30,000. Sai ga shi ya zo Abaji neman 25,000, ɗansa kuma ya je Bwari da izininsa neman 25,000. In ɓangarorin biyu suka biya, an fitar da 50,000 daga 30,000. In aka bi dokar rinjaye, arewa mai 3 ta biya, kudu mai 2 ta ba da haƙuri, mutumin Abaji ya koma hannu wofi ko da yake kuɗinsa ne.

Wannan zaɓi shi ne Eric Brewer ya bayyana cikin 2000, Gilbert da Lynch suka tabbatar da shi da lissafi cikin 2002: muddin hanya ta yanke, ko dai a ci gaba da amsa wa kowa a yarda littattafai su saɓa, ko a tsare daidaito a hana waɗansu. Ba a samun duka biyu. Wanne ya fi? Ya danganta ga aikin. In hira ce ko hotuna, a karɓa, a daidaita daga baya. In kuɗi ne ko sakamakon jarrabawa, gara jinkiri da kuskure.

Kada ɗalibi ya ɗauka yankewar hanya tatsuniya ce. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ta raunana a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, aikin bankuna ya tawaya a Nijeriya, gyara kuwa ya ci makonni. Darasin da ke ciki shi ne, hanya huɗu in duk ta wuri ɗaya suka bi, haɗari ɗaya na iya cinye su.

Sa'an nan a je ga inji

Sai an gama waɗannan ne za a shiga ɗakin kwamfuta, kuma da sharaɗin ɗalibai sun riga sun iya rubuta manhajar kwamfuta da wani harshe kamar Python. Rashin kayan aiki ba hujja ba ce. Kwamfutocin cinya 3 da waya guda mai raba musu sadarwa sun isa. In ma ɗaya ce, ana iya tayar da manhaja 5 cikinta, kowace ta tsaya matsayin inji.

A bi matakan wasan bi da bi. Da fari aikawa da amsawa. Sa'an nan su sa manhajar ta riƙa yar da saƙo 1 cikin 5 da gangan, su gyara da wa'adi da lamba. Sa'an nan kwafin littafi da rinjaye. Ranar duba aiki malam ya zagaya, ya kashe inji ɗaya ba sanarwa, ya kunna, ya ce a nuna masa littattafan. In an ɗauke wuta ana cikin aiki, kada a yi tsaki, jarrabawa ce ta zo kyauta. Aikin da ke tafiya sai in kome lafiya, ba a gama shi ba tukuna.

Tambayoyi

1. Ka tura kuɗi, an cire, ba a ga alat ba. Kawo abubuwa huɗu da mai yiwuwa ne suka faru, ka faɗi abin da sake turawa zai jawo a kowanne.

2. Kuje tana lamba 12, ta karɓi takarda mai lamba 7, sa'an nan ta aika wa Bwari, wadda ke lamba 3. Nawa Bwari za ta koma?

3. Injuna 7 mutuwar nawa za su jure? 8 fa? Bayyana dalili.

4. Me ya sa kowace takarda ke ɗauke da lambar zamani?

5. Kawo aiki ɗaya a kwalejin nan da ya fi kyau a tsai da shi in hanya ta yanke, da wani da ya fi kyau a ci gaba. Kare zaɓinka.

'Yan'uwa malamai, wannan hanya tana cin lokaci, kuma aji yakan yi hayaniya. Amma sunayen injuna da na harsuna suna sauyawa kusan kowace shekara, ɗalibin da aka ba sunaye kurum ilminsa zai tsufa kafin ya gama hidimar ƙasa. Wanda kuwa ya taɓa zama minti uku yana jiran takardar da ke aljihun ɗan aike, duk ranar da aka ba shi amanar kuɗin jama'a ko sakamakon 'ya'yansu, tambayar da zai fara yi ita ce, "In amsa ba ta zo ba fa?" Allah ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu, amin.